Ranar da Karen Malam Ya Riƙe Zomanyata

Mu shida ne a tsakar gida ranar. Da ni, da ɗana wanda ya zauna a gidan bayan mahaifinsa, da matarsa, da 'yata ta fari da ta iso daga Ƙafin Maiyaki a bayan babur tun rana ba ta yi zafi ba, da ƙanin mijina Malam marigayi wanda ya zo daga Dangora ya kwana biyu, sai Bafulatanar rugar bayan dutse da take kawo mana nono tun ina goyon wannan ɗan nawa. Karen Malam yana kwance a bakin zaure, inda iyakarsa take. In za a haɗa da shi, mu bakwai ne. Ni a lokacin ba na haɗawa da shi.

Kaka ce, ta farko da muka yi babu Malam. Wata guda ke nan da fitata daga takaba. Masarar da ya shuka da ruwan fari, bai ga ta kai gwiwa ba, ita ce muka taru mu buge. Ɗana ya so a kira mai inji daga Tudun Wada, na ce a'a. Inji yana farfasa ƙwaya, kuma Malam bai taɓa bari an sa masararsa a inji ba. A zuba a buhu, a ɗaure baki, a yi ta duka da sanda har ƙwayar ta rabu da totuwa. Haka muka saba a ƙauyenmu, can gefen hanyar Doguwa, haka kuma na ce za a yi.

Bari in faɗi yadda karen ya zo gidan tukuna, in ba haka ba mai ji ba zai gane abin da ya faru ba.

Malam manomi ne, amma in an kwashe amfani gonaki sun yi fili, ƙafarsa ba ta zama. Sai ya rataya jaka, ya ɗauki gora, ya nufi duwatsun nan farautar zomo. A rugar ƙawata Bafulatana ya samo kwikwiyon, ja mai farin wuya, ya kawo shi a tsohon kwando. Ranar na kafa sharaɗina, ban kuma sassauta ba har shekara tara: ba zai tsallake dokin ƙofar zaure ya shigo tsakar gida ba, ba zai shinshina min tukunya ba, kaskonsa daban, kuma ba ni ce mai zuba masa ba. Malam ya yi dariya ya ce, "Ke ko alƙali sai haka." Amma ya kiyaye. Karen ma ya kiyaye. Ina iya ajiye nama a faranti a tsakar gida in shiga ɗaki, in fito in tarar da shi kwance, haɓarsa a kan dokin ƙofa, yana kallo, yawu na zuba, bai motsa ba. Duk da haka ban taɓa ɗora hannuna a kansa ba. Ko zanina ya goga sai na wanke.

Akwai ɗorawa a bayan gidanmu, a gindinta Malam ya koya masa aiki. Ni ina shiƙar dawa a bayan danga, ina leƙensu ta saman kara, ba su san ina kallo ba. Fatar zomo ya samu ya cusa mata tsumma, ya soka ƙayar aduwa a ciki, ya ɗaura mata igiya yana ja a ƙasa. Kwikwiyon ya bi ya cafke. In ya datsa haƙori, ƙaya ta soke shi ya yi kuka. A hankali ya gane kamun da ake so: a wuya, a danne da ƙafa, ba a taunawa. Sannan ba ya saki sai Malam ya zo ya durƙusa, ya zare wuƙa daga kube, ya ɗora hannun hagu a kansa, ya yi bisimilla. Daga nan baki ya buɗe. In ba a yi haka ba, ko za a wuni yana nan riƙe. Liman ya taɓa gaya wa Malam cewa in ya ambaci sunan Allah lokacin da ya saki karen, ko zomon ya mutu a bakinsa halal ne. Malam ya ce ya ji, amma shi zuciyarsa ba ta kwanciya sai ya ga jini ya fita ta wuƙarsa. In ya feɗe, kayan cikin na karen ne. Bai taɓa hana shi ba, ko da zomo ɗaya tal suka samo a wunin.

Zomayen gida daga baya suka zo. Na je barka Tiga wurin 'yar ƙanwata da take auren ma'aikacin ruwa, na ga farare da toka-toka a bayan ɗakinta suna cin ganyen dankali, manya, sun ninka na daji, kuma ba sa gudun mutum. Ta ba ni biyu a kwali. Da na sauka daga mota Malam ya leƙa kwalin ya ce, "Yanzu a gidan maharbin zomo za ki yi kiwon zomo?" Na ce ai gidana ne ni ma. Washegari shi da kansa ya kwaɓa ƙasa ya gina musu ɗan ɗaki a gefen rumbu, ya yi masa ƙyauren kwano, ya kafa ƙusa a jikin itacen ƙofar ya lanƙwasa ta. In an tura ƙyauren sai a juya ƙusar ta riƙe shi.

Ya ɗauki kusan wata yana haɗa su da karen. Sai ya ƙosar da karen tukuna, sannan ya ɗauko zomo ɗaya ya zauna da shi a cinya a zaure. Karen ya matso jiki na rawa, kunnuwa a tsaye. Malam ya ɗalla masa yatsa a hanci ya ce, "Na gida ne." Gobe haka, jibi haka. Har ta kai da la'asar in na share musu ɗaki sai in bar su su fito tsakar gida, in dai Malam yana nan. Su kuwa ba su da wayo ko kaɗan. Sai su yi ta ɗan tsallensu har bakin zaure, su shinshina jelarsa, wani ma ya hau ƙafarsa ya zauna yana goge fuska. Akwai wani namiji mai baƙin kunne da ya mayar da kaskon karen wurin shan ruwansa, na yi kora har na gaji. Shi kuma karen sai ya kau da kai gefe kamar an sa shi zama da surukai, ya yi hamma, ya lashi leɓe, ya dubi Malam. Amma ni ina ganin cinyarsa ta baya tana karkarwa. Ba ta taɓa daina wannan karkarwar ba. In wata ta buga ƙafa a ƙasa, yadda suke yi in sun ga inuwar shaho, sai ya miƙe zumbur, sai Malam ya yi gyaran murya sannan ya koma.

Zan ba shi haƙƙinsa a wuri ɗaya. Matan unguwarmu da na raba wa iri, duk muzuru da tunku sun sha kwashe musu 'ya'ya. Ni ko ɗaya ba a taɓa ɗaukar min ba, don ta waje yakan zagaya ya kwanta a jikin bangon ɗakin nasu. Malam ya ce gadi yake yi. Na ce ko dai ƙanshi yake sha. Har yau ban san wanne ne ba.

Wata rana Malam ya ce min, "Kin ga muddin suna wannan tafiyar tasu ta 'yan gayu, kaji ne a wurinsa. Amma ranar da ɗaya ya zura da gudu, ba zai tuna na gida ba ne. Ba mugunta ba ce, abin da na koya masa ke nan." Na ce to ai sai ka koya masa wani abin. Ya ce ya makara.

Waɗannan yammacin nake yawan tunawa yanzu. Malam a kan buzu yana fiƙe ƙotar fartanya, rediyo a gefensa yana shashsheka, zomaye suna bin ɓawon gyaɗa, ni ina tankaɗe, hayaƙin murhu yana bi ta saman danga. Ba ma wata hira mai yawa. Shi dai in ya ga na ɗaure fuska sai ya ce wa karen, "Kai, gyara zama, hukuma na kallonmu."

Da Malam ya rasu na daina fito da zomayen gaba ɗaya. Karen ya bi masu gawa har maƙabarta, aka kore shi, ya tsaya daga nesa. Bayan nan ya yi kwanaki ba ya taɓa abin da ɗana ya zuba masa. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ya ɗaga kai, ya duba, ya mayar. Ina cikin takaba ina ganin wannan ta ƙofar ɗakina.

To, ranar casar masara. Ƙanin Malam ya fito da sanda a kafaɗa yana miƙa. Tun ina amarya muke wasa da shi, tsufa bai raba mu da wasan ba.

"Yaya, na gane. Kin hana inji ne don ki karya min baya."

"Bayan da ka kwana biyu kana shimfiɗawa a tabarmata? Tuwon da ka ci ai sai ya fita ta wani wuri."

"Tuwon da babu man shanu."

"Man shanu na masu aiki ne. Ɗauki buhu."

'Yata da surukata suna zuba masara a buhuna, maza suna ɗaurewa. Ni kuma na ɗebi ganyen dankali na nufi ɗakin zomaye. Farar uwar, wadda na zo da ita daga Tiga, ba ta cika sati biyu da haihuwa ba, 'ya'yan suna cikin ramin da ta tona a lungu. Na watsa musu ganye. Ina fitowa sai na ji sallamar Bafulatana a zaure, ƙwarya a ka. Na tura ƙyauren da ƙafa, na amsa mata, na tafi taya ta saukewa. Ban juya ƙusar ba. Shekara huɗu ina faɗa da duk wanda ya manta ƙusar nan. Na taɓa wuni ban amsa gaisuwar surukata ba a kanta.

Muna cikin gaisawa, tana tambayar gajiya ina tambayar shanu, maza suka fara duka. Sanda biyu a kan buhu, tim, tim, dab da bangon ɗakin zomaye, har ƙasa tana amsawa. Ban ga lokacin da ƙyauren ya buɗe ba. Fari kawai na gani ya gifta tsakanin ƙafafun surukata, ya karkata wajen turmi, ya sake karkatowa, ya nufi zaure. Farar uwar ce, ta kan karen ta tsallake. Ban taɓa ganin ta yi gudu irin wannan ba, ashe tana da shi a jiki.

Karen bai yi haushi ba. Kwance yake, sai kuma babu shi.

Kafin mu fita ya gama. A gindin ɗorawa muka same su. Ya danne ta da ƙafar gaba, bakinsa a wuyanta, jelarsa tana kaɗawa a hankali. Ita kuma ta yi lamo, ido a waje, cikinta yana hawa yana sauka.

Ɗana ne ya riga kowa isa, sandar casa a hannunsa. "Saki. Saki na ce." Ya zabga masa a baya. Karen ya yi gurnani ta hanci, ya lafe, bai saki ba. Ya ƙara masa. A duka na biyu ne zomanyar ta firgita ta yi harbi da ƙafafun baya, sau biyu, sau uku, da dukan ƙarfinta. Ƙanin Malam ya kama jelar yana ja, 'yata tana cewa a watsa masa ruwa.

"Ku bar dukansa," in ji Bafulatana. Ba ta ɗaga murya ba. "Kare mai son ci ba ya tsayawa a fili, da tuni ya shige kara da ita. Wannan jira yake yi."

"Jiran me?" in ji ɗana.

Na dubi idon karen. Ba mu yake kallo ba, ba kuma sandar ba. Ta tsakaninmu yake leƙen hanyar da ta zagayo daga zaure.

Na ce, "Kowa ya ja baya. Kai, ajiye sandar nan."

"Inna, zai kashe ta."

"Na ce ka ajiye."

Na koma cikin gida. Ɗakin Malam tun ranar da aka raba rigunansa ban shiga ba. Jakar farautarsa tana nan a rataye inda ya bar ta, babu wanda ya so ta. Warin fata da na hayaƙi ya bugi hancina. Na zura hannu na taɓo majajjawa, da ƙullin gishiri, da goro guda da ya bushe ya zama kamar tsakuwa, sannan kuben. Na fito da shi.

Da karen ya hango kuben a hannuna sai jelar ta tsaya cak. Na matsa. Gwiwoyina ba sa son durƙuso, amma na durƙusa, a gefen da Malam yake durƙusawa. Na zare wuƙar yadda zai gani. Hannuna na hagu ya tsaya a sama kamar ba nawa ba, sannan na ɗora shi. Kansa da zafi, gashin gajere ne mai santsi, akwai wani tabo a bayan kunne wanda ban san da shi ba. Ina jin numfashinsa yana ɗaga tafina. Na yi bisimilla.

Ya buɗe baki, ya ja baya taku biyu, ya zauna.

 'Yata ta juya mana baya, ta daɗe tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Na ɗaga zomanyar. Wuyanta jiƙe da yawu. Na buɗa gashin na duba har fata, babu huda ko ɗaya, babu ɗigon jini. Na ajiye ta a ƙasa. Ta ja jiki da ƙafafun gaba, na bayan suna binta kamar tsumma. Bafulatana ta tsuguna ta bi bayanta da yatsa, ta tsaya a wani wuri, ta girgiza kai.

"Ita ta karya bayanta da harbin nan. Ba za ta kai magariba ba."

Na miƙa wa ƙanin Malam wuƙar ta ƙota. "Kada ta zama mushe." Ya fuskantar da ita alƙibla ya yanka.

A nan ya feɗe ta, a gindin ɗorawar. Karen yana zaune inda ya zauna, ƙirji a gaba, yana bin wuƙar da ido. Duk sanda aka ciro wani abu sai ya gyara zama. Bayansa ya tashi inda sanda ta sauka, amma ko lasa bai yi ba.

"Ku dube shi," in ji ɗana. "Lada ma yake jira."

Ƙanin Malam ya tara kayan cikin a ganye ya dube ni. Ya san al'adar wansa. Na ce a tona rami a binne, a ɗora dutse. In aka ba shi yau, gobe ɗakin zomaye ya zama dawa a wurinsa. Aka binne yana kallo. Ya dubi ramin, ya dube ni, ni da na ɗora masa hannu. Na kau da kai. Na je na wanke hannuwana da ƙasa da ruwa sau bakwai don yawunsa ya taɓa ni, amma zafin kansa bai bar tafina ba har na gama.

Aka koma casa, an dai matsar da buhunan nesa da ɗakin. Ɗana bai huce ba. Ya dubi matarsa.

"Wa ya shiga ɗakin nan yau?"

"Ni na share da safe," ta ce a hankali. "Amma na rufe."

"Rufewar da kika yi ce ta sa ta fita?"

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsince totuwa. Yarinya ce mai haƙuri, ba ta iya musu ba. Ni ina tsaye da tsintsiya a hannu. Tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa kama ni da sakaci ba, ni ce mai kamawa. Na yi shiru, maganar ta tafi a kan ita ce.

'Ya'yan farar biyar ne, idonsu bai daɗe da buɗewa ba. Akwai wata mai ruwan toka da take shayar da nata uku. Na zura hannu a ramin na ciro marayun, na goga musu ƙasar lungunta don su ɗauki warinta, na cusa su a ƙarƙashin nata. Ta zo ta shinshina, ta buga ƙafa, ta koma cin ganye. Ban san ko ta karɓa ba.

Da Bafulatana za ta tafi na raka ta zaure. Ta ɗora ƙwarya a ka, ta gyara gammo, ta ce, "Ƙawata, da na yi sallama ɗazu kin taho da sauri. Har na ce a raina yau ana marmarina." Ta dube ni ido cikin ido, ta ce sai jibi, ta wuce.

Bayan la'asar surukata ta kawo farfesun. Na ci yanka ɗaya don kada a ce na ƙi halal. Ƙanin Malam ya tsotse ƙashi, ya wanke hannu, ya gyara murya. Na san ba wasa zai yi ba.

"Yaya, karen nan mai shi ya tafi. Babu mai fita da shi dawa, ga shi yau ya tuna. A wajenmu akwai maharba da suka san shi, sun sha tambayata. Gobe in zan tafi sai in ɗaure shi a babur in wuce da shi."

"Gara haka, Baffa," in ji ɗana. "In ba haka ba ni zan kai shi bayan dutse in dawo ni kaɗai. Yau zomo, gobe kaji, jibi ɗan akuya."

'Yata ta ce, "Shekara tara bai taɓa kaza ba."

"Shekara tara Baba yana nan." Ya juyo wajena. "Inna ai ba ta taɓa son sa ba. Hutu ne a wurinta."

Duk suka zuba min ido. Gaskiya ya faɗa, ban taɓa son sa ba, ko kuwa dai ban taɓa tambayar kaina ba. Na san irin maharban da ake faɗa. Karnuka goma suke saki a lokaci guda, wanda ya riga ya yaga, babu mai durƙusawa ya ɗora wa kare hannu. Tsohon kare da ya saba jira, a cikinsu zai riƙe zomo yana duban hanya har sauran su ƙwace, su haɗa da kunnensa. Daga inda nake zaune ina hango shi a bakin zaure. Rigunan Malam an rabar, buzunsa an kai masallaci, rediyon ɗana ya ɗauka. Abin da ya rage a gidan nan da yake yin abu yadda Malam ya ce a yi shi, ba ƙari ba ragi, shi ne wancan. Mu da muke mutane ma mun fara sakewa.

Amma in na ce ya zauna sai na faɗi dalili, dalilin kuwa ba zai faɗu ba sai na faɗi wanda ya bar ƙusa.

Na ce, "Sai da safe."

"Yaya, da sassafe zan kama hanya."

"Safiyar ai ba ta taɓa riga ni tashi ba."

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, ɗakin zomaye na fara leƙawa. Huɗu daga cikin marayun cikinsu ya taso, sun sha. Ɗaya ya yi sanyi a bakin rami, na ɗauke shi. Ina fitowa na tarar da ƙanin Malam a tsakar gida da hularsa da jakarsa, da sabuwar igiyar rama a naɗe a hannu. Ɗana yana tsaye kusa da shi. Surukata tana hura wuta, 'yata tana wanke-wanke.

Na ce wa surukata, "Ke, bar wutar nan ki zo."

Ta taso tana goge hannu a zani, ta durƙusa.

"Jiya kin rufe ɗakin nan. Ni na shiga bayanki, ni na bar ƙusa. Na ji ana yi miki faɗa na yi shiru. Ki yafe ni."

"Wallahi Inna ba komai," ta ce, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Da komai. Tashi." Na juya wajen ɗana. "Kai kuma, karen ya yi abin da ubanka ya koya masa, ko huda bai yi mata ba. Sakacina ne ya fito da ita, sandarka ce ta firgita ta. In akwai wanda za a ɗaure a kai Dangora, ba shi ba ne."

Ɗana ya dubi ƙasa. Ƙanin Malam ya dubi igiyar, ya dube ni.

"To Yaya, ke zan ɗaura a babur ke nan? Maharban ba za su karɓa ba, sun fi son mai ɗan sauƙin hali."

"Kawo igiyar."

Ya miƙo. Na zura ta ta hujin da tsatsa ta yi a gefen ƙyauren, na zagaya da ita jikin itacen ƙofa sau biyu, na ƙulle, na ƙara ƙulli a kai. Na ja ƙyauren da ƙarfi, bai motsa ba. Sannan na ce wa surukata ta zuba wa baƙo koko ya sha ya kama hanya, rana tana yi.